MU DASA SHINGEN LALLE, MU HUTA DA DARNIN KARA



Kowace shekara, da zarar an gama girbin dawa an kai amfani gida, sai wani aiki ya taso wanda ba mai sa shi cikin lissafi. Wannan aiki shi ne darni. Mai lambun rani zai tara kara dami dami, ya sare turaku, ya nemi igiya, ya kwana biyar ko mako guda yana ɗauri. Wanda ba shi da isasshen kara sai ya ɗauki gatari ya shiga daji saran ƙaya. Kafin ruwan fari ya sauka, gara ta cinye gindin darnin, iskar bazara ta kwantar da rabinsa, awaki sun huda sauran. Baɗi kuma a sake daga farko.

Ra'ayina a wannan takarda shi ne, lokaci ya yi da kowace ƙungiya za ta kewaye lambunta, da wurin renon irinta, da filin makaranta ko na majami'a, da shinge mai rai, gajere, wanda ake yi wa aski yana kore rani da damina. Itacen da nake ba da shawara a sa gaba kuwa shi ne lalle, wanda muka sani tun kaka da kakanni. Zan faɗi dalilaina, in faɗi yadda ake yi, in kuma amsa wa waɗanda ba su yarda ba, gama suna da hujjoji da ya kamata a saurara.

ABIN DA DARNI YAKE CI

Mukan ce darnin kara kyauta ne domin ba mu fid da kuɗi daga aljihu ba. Amma ku duba abin da muka rasa. Karan nan abincin shanu ne da tumaki a tsakiyar rani. Idan an bar shi a gona yana rufe ƙasa, ya rage zaizayar iska, ya ruɓe ya zama taki. Mata suna bukatarsa a murhu. Duk damin da ya tafi darni an ɗauke shi ne daga bakin ɗaya cikin waɗannan.

Saran ƙaya ya fi wannan muni. Magarya da bagaruwa da farar ƙaya da aduwa ne suke shan gatari kowace shekara. Itacen da aka sassare rassansa shekara bayan shekara ba ya ba da 'ya'ya, daga baya ma sai ya bushe. Dattawan kowane ƙauye za su iya nuna muku inda ake samun ƙaya a bayan gari lokacin ƙuruciyarsu, da irin nisan da yaro yake yi yau kafin ya cika amalanke.

Akwai waya mai ƙaya, gaskiya ne. Amma kowa ya san tsadarta, ga turakun da gara take ci, ga ɓarayin da sukan kwance ta da dare. Ɗan akuya da kaza kuma ba ruwansu da waya, ta ƙarƙashi suke wucewa.

Sai kuma abin da ya fi duka zafi, watau faɗa tsakanin maƙwabta. Akuyar wane ta shiga ta cinye tumatir ɗin wane, an kai ƙara wurin mai unguwa, gida biyu sun daina gaisawa. Iyakar gona da aka sa wa alama da dutse ko kututture, a hankali garma takan ture ta taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, har 'ya'ya su gaji rigimar da iyayensu ba su sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shingen da ya yi saiwa ba ya matsawa da dare.

INDA AKA GWANANCE DA ASKIN SHINGE

Wannan sana'a ta yi wa ƙananan itatuwa aski ta daɗe a ƙasashen Turai. Suna da wani ɗan itace mai ƙananan ganye masu sheƙi, wanda ba ya zubar da ganye ko cikin sanyinsu mai tsanani. Turawan Ingila suna kiransa bokis. Girmansa a hankali ne ƙwarai, 'yan inci kaɗan a shekara, rassansa kuma a cushe suke. Saboda haka idan an aske shi yakan daɗe yana riƙe da siffar da aka ba shi. Tun zamanin Romawa, kusan shekara 2,000 da suka wuce, masu lambu suna aske shi ya zama siffar dabbobi, har da haruffan sunan mai gida. A Faransa, daga 1661, Sarki Luwi na 14 ya sa wani gwanin lambu mai suna Andre Le Notre ya tsara masa lambun fadarsa ta Bersai, inda aka jera gajerun shingaye suka yi zane a ƙasa kamar aikin wuyan babbar riga. A arewacin Ingila akwai wani gida da ake kira Lebens Hol, an tsara lambunsa a 1694, har yau ana yi wa itatuwansa aski.

Darasi na farko a nan shi ne daɗewa. Mutumin da ya dasa waɗannan itatuwa ya rasu fiye da shekara 250 da suka wuce, aikin hannunsa yana tsaye, domin kowace shekara an sami wanda ya ɗauki almakashi.

Darasi na biyu gargaɗi ne. Turawa sun dogara ga itace iri ɗaya, kowane lambu bokis, ana kuma saye da sayar da dashensa daga ƙasa zuwa ƙasa. Wajen 2007 aka fara ganin wata tsutsa a kudancin Jamus. Asalinta daga gabashin Asiya ne, wajen Sin da Japan da Koriya, ta kuma shigo tare da dashen da 'yan kasuwa suka kawo. Uwarta wani irin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Tsutsar takan cinye ganyen tas, in ganye ya ƙare ta koma ɓawo. Cikin 'yan shekaru ta bazu a yawancin ƙasashen Turai. A 2012 aka kai dashen bokis daga Italiya zuwa garin Soci na ƙasar Rasha domin ƙawata gari saboda wasannin Olamfik na 2014. Tsutsar ta bi dashen, ta fita daga lambuna ta shiga daji, ta hallaka tsofaffin itatuwan bokis na wannan yanki. A 2018 an gan ta a Kanada.

Mu da muka ga yadda tsutsar masara ta shigo mana a 2016 ba mu bukatar dogon bayani. Abin da za mu riƙe shi ne, kada mu cika gari da itace iri ɗaya, kada kuma mu dogara ga dashen da aka kawo daga nesa alhali muna iya renon namu. Shi kansa bokis ba ya son zafin ƙasarmu, ba kuma ina cewa a nemo shi ba. Dabarar askin ce muke so.

FULAWAR DA TA CIKA GARI

Duk wanda ya shiga Jos ko Kaduna ko Abuja ya ga wani gajeren shinge mai ganye rawaya-rawaya a bakin ofisoshi da makarantu da gidajen mai. Masu sayar da fulawa suna kiransa duranta. Asalinsa daga ƙasashen Amurka masu zafi ne. Yanzu ya fara shiga ƙauyuka, kwamitin gini yakan sayo shi a leda a jera a gaban majami'a ko ɗakin shan magani.

Ba na musun kyansa. Yana kamawa da sauri, yana karɓar aski, ana iya mai da shi ƙwallo ko akwati ko haruffa. Amma manomi ya kamata ya tambayi abin da itace zai ba shi a madadin ruwa da wahala. Duranta da damina yana bukatar aski kusan kowane mako biyu ko uku, in ba haka ba sai ya yi buzu-buzu. Da rani yana neman ruwa a lokacin da mata suke layi a bakin rijiya. Ganyen da aka aske kuwa shara ce, ba a ci, ba a sayarwa.

Akwai kuma haɗari. Idan an bar shi ba aski, yakan yi fure shuɗi, sa'an nan ya yi 'ya'ya ƙanana masu ruwan lemu, a jere kamar tsakiya. 'Ya'yan nan da ganyen suna da dafi. Kyansu yana jan ƙananan yara, shi ya sa bai dace da filin makarantar firamare ko wurin da yara suke wasa ba, sai fa in akwai mai aske shi kullum kafin ya yi 'ya'ya. Wanda yake da shi a ƙofar gida ya kiyaye wannan.

In ƙungiya tana son ado a bakin ƙofa, gindi biyu ko huɗu sun isa. Amma a kewaye lambu duka da shi, wannan asarar ruwa ce da ƙarfi.

DON ME LALLE?

Na ɗaya, ɗan gida ne. Ya san zafinmu, ya san farinmu. Yana tsiro a ƙasa mai yashi da mai tsakuwa, abin da ba ya so kawai shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi. Da ya yi shekara biyu saiwarsa ta nutse, zai iya ƙetare rani ba ban ruwa. Idan rani ya yi tsanani yakan zubar da wani sashi na ganyensa, amma wanda yake bakin lambu, inda danshin kwami yake kai masa, kore yake zama shekara duka.

Na biyu, halittarsa ta shinge ce. Ganyensa ƙanana ne, rassansa suna fitowa biyu biyu suna fuskantar juna, in an yanke kai sai ya ƙara cushewa. Reshen da ya tsufa kuma bakinsa yakan yi tsini kamar ƙaya. Idan an bar shi yakan wuce tsayin mutum nesa, amma da aski ana iya tsai da shi a ƙugu ko a ƙirji shekara da shekaru. A Indiya shingen lalle abu ne sananne a gidaje da lambuna.

Na uku, shi ne babban dalilina: abin da almakashi ya zubar kuɗi ne. Ganyen lalle yana da kasuwa a kowane gari na ƙasar nan. Babu bikin aure da za a yi a ƙasar Hausa ba a nemi lalle ba, haka kuma lokacin salla, ga masu rina gashi da shi. Busasshen ganye ba ya lalacewa da wuri kamar tumatir ko alayyafo, ana iya ajiye shi a buhu a jira kasuwa ta yi kyau. Sabon toho kuma shi ya fi kama hannu, aski kuwa shi ne yake sa sabon toho ya yawaita. Kun ga ke nan aikin gyaran shinge da aikin girbi sun zama ɗaya.

Kada ku rena wannan ciniki. A jihar Rajastan ta Indiya, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, akwai wani gari da ake kira Sojat wanda arzikinsa ya dogara ga lalle. Manoman wurin suna yanke shi kusa da ƙasa a lokacin girbi, ya sake tohowa, gona ɗaya takan yi fiye da shekara 20 ba a sake dashe ba. A 2021 hukumar ƙasar ta yi wa lallen Sojat rajista ta musamman domin kada wani ya sayar da nasa da sunan garin. A nan kusa da mu kuma, a shekarun 1990, cibiyar binciken noma da itatuwa ta ICRAF, mai hedkwata a Nairobi, ta yi aiki da manoman yankin Segu a ƙasar Mali kan shinge mai rai domin lambunan rani. Itatuwan da aka yi amfani da su duk mun san su: magarya, bagaruwa, ɗakwara, jirga da lalle.

Na huɗu, furensa fari ne mai ƙanshi, ƙudan zuma suna sonsa. Ba shi da farin ruwan nan mai ƙona ido irin na ƙerana, ba shi kuma da 'ya'ya masu sa yara amai da zawo irin na bini-da-zugu.

YADDA AKE KAFA SHI

Hanya biyu ce, iri ko reshe.

Irin lalle yana cikin 'yan ƙananan ƙwallaye masu girman wake, kowane ɗaya cike da ƙwayoyi. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, saboda haka a jiƙa ta kamar mako guda, ana sake ruwan kowace rana, har ta kumbura. A shuka a kwamin reno cikin Maris ko Afrilu, a rufe da ƙasa kaɗan, a yi rumfar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan wata uku ko huɗu dashen ya isa cirewa.

Reshe ya fi sauri. A zaɓi wanda ya ƙosa, mai kaurin fensir, a yanka tsawon inci 8 zuwa 10 da wuƙa mai kaifi. A cire ganyen ƙasa, a soke rabinsa cikin leda ko kwami mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a inuwa. A lura kada a juya shi, gindi ƙasa, kai sama. A barbaɗa toka saboda gara. Ba duka ne za su kama ba, don haka a yanka fiye da abin da ake bukata.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna sosai, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Wanda ya jira Satumba ya makara, gama saiwa ba za ta nutse ba kafin ruwa ya ɗauke. A ja igiya domin layi ya miƙe. Maimakon ramuka ɗai ɗai, a haƙa doguwar kwata mai zurfin ƙafa ɗaya, a zuba taki a gauraya da ƙasa. A dasa layi biyu, tsakanin gindi da gindi ƙafa ɗaya da rabi, gindin layi na biyu ya faɗa daidai tsakiyar giɓin layi na farko.

Ga lissafi domin sakataren ƙungiya. Lambu mai yadi 20 kowane gefe, kewayensa yadi 80 ne, watau ƙafa 240. Layi ɗaya zai ci gindi 160, layi biyu 320. A reni 400 domin cike gurbin waɗanda suka mutu. Kwami biyu ko uku sun ɗauki wannan.

Yanzu ga wurin da yawancin mutane suke kuskure. Dashe ya kama, ya miƙe sambal ya kai gwiwa, mai shi yana murna, ba ya son ya taɓa shi. To, a nan ne ake bukatar ƙarfin hali. A datse kansa, a bar kamar inci 8 ko 10 daga ƙasa. Dalili kuwa, muddin kan reshe yana nan, idanun da suke gefe barci suke yi. Da an cire kan sai su farka, reshe ɗaya ya zama uku ko huɗu. Duk mai zogale a bayan ɗaki ya san wannan. Idan sababbin rassan sun yi tsawon tafin hannu biyu, a sake datse su. Haka za a yi ta hawa da shi kaɗan kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shingen da aka bari ya yi tsawo da wuri, sama zai cika, ƙasa ta zama ƙafafu tsirara, ɗan akuya ya wuce abinsa.

Siffar shinge kuma ta zama kamar jinka, faɗi a ƙasa, tsukakke a sama. Idan sama ta fi faɗi, takan yi wa rassan ƙasa inuwa, su zubar da ganye su mutu. A kafa turaku biyu, a ɗaure igiya daidai tsayin da ake so, a bi ta da almakashin shinge. Inda babu almakashi, lauje mai kaifi ko adda ya isa, sai dai a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama domin kada reshe ya tsage. Aski biyu ko uku cikin damina zuwa kaka ya wadatar. Kada a yi babban aski a tsakiyar hunturu, lokacin da itace ba ya toho.

Ganyen da aka aske a shanya shi a inuwa a kan tabarma, wurin da iska take shiga. Rana takan ƙona launinsa, mai saye kuwa kore yake nema. In ya bushe a kakkaɓe, a tsince itatuwan, a zuba a buhu mai tsabta. Kada a gauraya da ƙasa ko wani ganye. Ƙungiyar da aka san lallenta tsantsa ne, masu saye za su biyo ta har gida. A kuma bar gindi biyu ko uku a kusurwa ba aski, su yi fure su ba da iri.

Mai son ado, in shinge ya shekara uku, yana iya barin gindin da ke kowane gefen ƙofa ya fi sauran tsayi, ya lanƙwasa waya ko ɗanyen reshe ya yi da'ira, ya riƙa aske abin da ya wuce ta har ya zama dunƙule kamar tulu. Lalle ba zai yi sumul kamar bokis na Turawa ba, amma zai yi kyan gani. Wurin da aka gyara yana koya wa yara gyara.

AMSA GA MASU MUSU

Wani zai ce, shekara nawa zan jira? Gaskiya ce, shekara biyu zuwa uku kafin shinge ya rufe. A cikin wannan lokaci tilas a ci gaba da darni a bayansa, gama akuya tana cin tohon lalle yana ƙarami. Watau aiki biyu ne a shekarun farko, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku auna darni uku da darni talatin. Mai shekara 30 da ya dasa bana, zai tsufa bai sake ɗaurin kara a wannan lambu ba.

Wani zai ce, gajeren shinge ba ya tsai da sa. Wannan ma gaskiya ne. A cikin gari, inda awaki da tumaki da kaji ne abin tsoro, layi biyu na lalle mai tsayin ƙirji ya isa. A fadama, inda garke yake wucewa, a sa layin magarya ko bagaruwa daga waje, lalle daga ciki. Wannan haɗi yana kuma kiyaye mu daga abin da ya sami Turawa, in cuta ta kama iri ɗaya, ɗayan yana tsaye.

Wani zai ce, shinge maɓoyar maciji ne, saiwarsa kuma tana cin abincin kayan lambu. Maciji ciyawa da tarkace yake bi. A nome gindin shinge, a share shi, wannan sharar kuma ita ce za ta hana gobarar kaka kama shi. Game da saiwa, a bar taku ɗaya tsakanin shinge da kwamin farko, sau ɗaya a shekara kuma a bi gefen ciki da shebur a datse saiwoyin da suka miƙo.

'Yan'uwanmu na kan tudun Jos za su ce sanyinsu ya yi wa lalle yawa. Suna da gaskiya, itacen zafi ne, a wurare masu tsananin sanyi girmansa yakan ragu. Su da suka gaji shingen ƙerana daga kakanninsu ba su bukatar a koya musu amfanin shinge mai rai. Su gwada gindi kaɗan a wurin da iska ba ta bugu, su ga abin da zai yi kafin su yi babban dashe.

Musu mafi nauyi shi ne na ƙasa. A al'adarmu, wanda ya dasa itace kamar ya ce wurin nasa ne. Saboda haka kada kowa ya dasa shinge a gonar aro ko ta jingina sai da yardar mai ita, a gaban shaidu. Kafin a ja igiya a kan iyaka, a kira maƙwabci da mai unguwa su tsaya, a dasa kuma taku ɗaya daga cikin naka. Fiye da kome, kada a toshe burtali ko hanyar mashaya. Kakanninmu da aguwa suke jera gefen burtali, dabba ta wuce, gona ta tsira, makiyayi da manomi su gaisa. Shingen da ya hana shanu kaiwa ga ruwa zai jawo fitinar da ta fi ɓarnar akuya nesa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum ɗaya zai sha wuyar renon gindi 400 da rani, amma ƙungiyar da take da rijiya da lambu ba za ta ji nauyinsa ba. Ga shawarata.

A taron wata mai zuwa a sa wannan magana cikin ajanda. A zaɓi wuri ɗaya tak domin gwaji, wurin renon iri ko lambun ƙungiya, inda kowa yake wucewa yana gani. A nemi tsohon gindin lalle a gari, da wuya a rasa shi a bayan gidan wata tsohuwa, a roƙi iri da rassa, a kuma biya ta da abin kirki.

A rubuta a littafin ƙungiya sunan wanda zai yi ban ruwa, da wanda zai yi aski, da watannin da za a yi shi. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai kula da shi. A kuma yanke tun yanzu wanda zai ci ganyen, kada a bari sai kuɗi ya fito a fara gardama. A ganina mata ne suka cancanta, gama su suka san lalle mai kyau, su suka san kasuwarsa, su ne kuma za su fi kowa ɗaukar ruwa a shekarar farko. Zumuntar mata ta riƙe busarwa da sayarwa, matasa su riƙe almakashi a ba su ladansu daga cinikin.

Idan shingen gwaji ya kama, a shekara ta uku shi ne zai ba kowane ɗan ƙungiya rassan da zai kai gidansa, ba sai an sayi ko leda ɗaya daga birni ba. Ƙungiyar da ta gwada kuma ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.